Yadda na bi matakan cin abinci a Girka, daga filin jirgin Atina har teburin kifi a tsibirin Egina

Mai shirin zuwa Girka daga wajenmu, biza da masauki ne ke cinye masa hankali. Sai ya sauka yake gane cewa abin da zai riƙa tsaya masa a rai sau uku a rana shi ne abinci. Ba wai babu ba ne. Abinci kam ga shi nan a kowace kusurwa, mai kyau, kuma da sauƙin kuɗi idan an kwatanta da Faransa ko Ingila. Matsalar ita ce gidajen abincin iri-iri ne, kowanne da lokacinsa da tsarinsa, naman alade yana cikin waɗanda aka fi ci a ƙasar, kuma rubutunsu da haruffan da ba mu saba da su ba. Kwana 8 na yi a watan Satumba tare da abokin tafiya, 6 a Atina, 2 a tsibirin Egina. Zan jero abin kamar yadda ya zo, tare da kuɗin da muka biya a lokacin, don wanda zai bi bayanmu ya fara daga inda muka gama.

Matakin farko tun kafin a fita daga filin jirgi yake. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shigo da nama ko madara da abin da aka yi da su a cikin kayansa. Kilishi, dambun nama, soyayyen nama, man shanu, cuku, duk suna ciki, kome kyan ƙunshinsu. Idan jami'an kwastan suka buɗe jaka suka gani za su karɓe, kuma suna iya cin mutum tara. Na ga an tsayar da wasu daga cikin jirginmu ana buɗe jakunkuna, mu kuma muka wuce ba a taɓa mu ba, don haka ba kowa ake bincika ba, amma asarar ba ta cancanci a gwada ba. Garin yaji a cikin robar da aka rufe da kyau shi ne abin da na ɗauka, kuma ya yi amfani fiye da yadda na zata, domin girkin Girkawa kusan babu barkono a cikinsa. Daga filin jirgin, layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na 3, mai launin shuɗi, yana kai mutum Sintagma ko Monastiraki, a tsakiyar birni, cikin kamar minti 40, tikiti Yuro 9, kuma kusan duk rabin sa'a yake tashi. Wanda ya sauka tsakar dare sai ya hau bas mai lamba X95, wadda ke aiki dare da rana, a kan Yuro 5.50. Ruwan sha kuwa kada mutum ya ji tsoron saye a filin jirgi. Gwamnati ta ƙayyade farashin ƙaramar gora mai rabin lita a filayen jirgi da tashoshi da cikin jiragen ruwa, senti 50 zuwa 60 ce.

Mun isa Monastiraki wajen ƙarfe 9 na dare da yunwa, kuma abin da ido zai fara gani a wurin shi ne shagunan gashi da suke kira suflajidiko. A nan ne baƙo daga wajenmu ya fi faɗawa kuskure, saboda abin ya yi kama da shawarma da tsire, har ƙamshin ma. Giros shi ne naman da aka jera a dogon ƙarfe yana juyawa gaban wuta. Yawanci ƙarafa biyu ne, ɗaya alade, ɗaya kaza, kuma idan mutum ya ce giros kawai bai ƙara kome ba, na alade za a ba shi. Haka naman tsinke, wanda mutanen Atina ke kira kalamaki, a wasu garuruwan kuma a ce suflaki, asalinsa alade ne. Na tsaya na kalli yadda ake aikin a shaguna biyu kafin na yanke shawara. Wuƙa ɗaya ce ake yankar ƙarafan biyu da ita, a faranti ɗaya ake tara naman, kuma gurasar da ake naɗewa da ita, wato fita, a kan ƙarfen da ake gasa naman ake ɗumama ta. Akwai ma tsiren kaza da ake naɗe wa siririn naman alade, sunansa kotobekon. Naɗi ɗaya Yuro 4 ne ko sama kaɗan, shi ya sa layin ke da tsawo. Mun haƙura a wannan daren. Manyan kantuna sun riga sun rufe, domin ƙarfe 9 suke tashi a ranakun aiki, ranar Asabar ƙarfe 8, Lahadi kuma akasari ba sa buɗewa. Wani ƙaramin shago muka samu muka sayi yogot da burodi da inabi a kan Yuro 7. Na kwanta da damuwar ko haka za mu ƙare makon.

Da safe muka nufi gidan burodi, furnos a harshensu. Kowace unguwa tana da shi, kuma tun kafin ƙarfe 7 yake buɗewa. Nan ne karin kumallon mutanen gari, a tsaye ko a tafe. Abu mafi sauƙi shi ne kuluri, burodi mai siffar zobe da aka lulluɓe da riɗi, senti 50 zuwa Yuro 1. Sai kayan da ake gasawa da siririn ɓawon fulawa mai ƙaras-ƙaras, waɗanda a ido duk iri ɗaya ne, sunan ne kawai ke raba su. Tirofita cuku ne a ciki. Sfanakofita ganye ne da cuku, ko ganye zalla. Bugatsa mai zaƙi ce, da madara da tsakin alkama a ciki, ana barbaɗa mata sukari da kirfa, kuma birnin Tasalonika ne ya yi suna da ita. Waɗannan Yuro 2 zuwa 3 ne. Waɗanda za a guje wa su ne duk mai zambon ko bekon ko lukaniko a cikin sunansa, domin duk alade ne, da kuma wani mai siffar kwalekwale da ake kira feinirli, wanda yawanci da su ake yin sa. Wajen kofi ma akwai tambayar da za a yi maka nan take: sketo, wato babu sukari, metrio, matsakaici, ko gliko, mai zaƙi. Idan ka ji fredo ko frafe, mai ƙanƙara ne. Mai son abu mai zafi ya ce zesto. Shayi kuwa ruwan zafi ne da ɗan ƙunshin ganye a gefe, madara sai an roƙa.

Abin da ya warware mana matsalar gaba ɗaya shi ne abincin rana a magirio. Mai masaukinmu ne ya kwatanta mana, kuma da na san shi tun ranar farko da ban yi wannan kwanan damuwa ba. Magirio gidan dafaffen abinci ne irin na gida. Tun safe ake ɗora tukwane, wajen ƙarfe 12 zuwa 1 a jera manyan farantai a bayan gilashi, kuma idan abu ya ƙare ya ƙare, ba a sake dafawa. Girkawa suna cin abincin rana tsakanin 2 da 4, saboda haka wanda ya je ƙarfe 1 zai tarar da kome a cike, ga wurin zama. Wanda ya je ƙarfe 5 sai ƙasan tukunya. Ba a buƙatar takardar abinci a nan. Mutum ya wuce kai tsaye wurin gilashin, ya nuna da yatsa, ya yi tambaya, sannan ya zauna a kawo masa. Ba rashin ladabi ba ne, haka kowa ke yi, a wasu wuraren ma har kicin za a shigar da kai a buɗe maka tukwane. Ana lissafi da merida, wato faranti ɗaya. Na kayan lambu Yuro 6 zuwa 9 muka riƙa biya, na nama 9 zuwa 13.

Rukunin da na fi so a riƙe sunansa shi ne ladera, wato kayan lambu da aka dafa da man zaitun da tumatir, ba nama. Fasolakiya ɗanyen koren wake ne da dankalin turawa. Ga kilo 1 na waken ana zuba kusan kofi ɗaya na man zaitun, da albasa, da rabin kilo na markaɗaɗɗen tumatir, a bar shi a ƙaramar wuta kusan sa'a guda har ruwan ya ƙone, mai ya taso. Wannan man ba kuskure ba ne, shi ne miyar, da burodi ake dangwalarsa. Briyam haɗin yalon turawa ne da dankali da kabewar turawa da albasa a gasa a tanda. Gigantes manyan fararen wake ne, su ma a tanda. Sfanakorizo shinkafa ce da ganye, mai laushi kamar fate. Fakes miyar adas ce, wato wani irin ƙaramin wake, fasolada kuma miyar farin wake da karas, wadda su kansu suke ɗauka a matsayin abincin ƙasa. Sai bamiyes, wato kuɓewarmu. Ƙanana suke zaɓa, su fere kan a hankali ba tare da sun huda ta ba, su yayyafa mata ruwan khal da gishiri, su shanya ta kamar sa'a guda kafin a dafa, duk don kada ta yi yauƙi. Abin da muke nema a kuɓewa shi suke kashewa, amma ta yi daɗi ƙwarai a hakan. Dafaffen ganye da suke kira horta, wanda ake zuba wa mai da lemon tsami, a lokacin zafi yawanci flita ne, kuma flita alayyahu ne sak. Waken da suke kira mafromatika ma shi ne farin wakenmu mai baƙin ido. Abu ɗaya da zai iya ba baƙo mamaki shi ne abincin da ɗumi yake zuwa, ba da zafi ba. Da gangan ne, sun yarda cewa ladera sai ya huce yake nuna ɗanɗanonsa. Wanda yake son mai tururi ya ce a ɗumama masa, za a yi.

Ko a magirio akwai wuraren da sai an tambaya. Gemista tumatir ne da tattasai da aka cusa wa shinkafa aka gasa. Wani da niƙaƙƙen nama ake yi, wani babu, kuma wanda babu naman suna ce masa orfana, wato marayu. Gigantes da fasolada wasu masu girkin suna yanka musu lukaniko a ciki. Musaka, wanda kowane baƙo ke nema, hawa-hawa ne na dankali da yalo da niƙaƙƙen nama da farar miyar madara a sama. Naman yawanci na saniya ne, amma akwai masu haɗawa da alade, kuma haka abin yake ga keftedes da bifteki, wato curin niƙaƙƙen nama, da fastitsiyo, taliya da nama a tanda. Niƙaƙƙen nama kimas ne, gauraye kuma anamiktos. Kalmar da ta fi yi mini aiki ita ce nistisimo, wato abincin azumi. Mabiya Cocin Otodoks suna da azumin da ake barin nama da madara da ƙwai: makonni 7 kafin Ista, daga ranar da suke kira Tsarkakakkiyar Litinin, da kwana 14 na farkon Agusta, da kwana 40 kafin Kirsimeti, masu riƙo sosai kuma har kowace Laraba da Juma'a. Saboda wannan al'ada kowane mai girki ya san ma'anar kalmar sarai, kuma idan ya ce maka abu nistisimo ne, babu nama ko romonsa a ciki. Sai dai kalmar ba ta kore giya ba, wannan tambaya ce daban.

A rana ta uku muka shiga babbar kasuwar Atina, Barbakiyos, a kan titin Athinas tsakanin Omoniya da Monastiraki. Tun 1886 take wurin, ana ci daga sassafe zuwa yamma, ban da Lahadi. Ɓangaren kifi ya cancanci a zaga ko ba za a saya ba, don a nan mutum zai ga sunayen kifaye da farashinsu a kilo, abin da zai amfane shi daga baya a gidan abinci. Ƙasan wurin a jiƙe yake, a sa rufaffen takalmi. Titin Efrifidu da ke kusa na masu kayan ƙamshi ne, akwai kirfa, kanumfari, busasshen ganyen rigani da suke barbaɗa wa kusan kome, da dakakken jan barkono mai suna bukobo. Wannan sunan ma a riƙe shi, gidajen abinci da yawa suna da shi amma sai an tambaya. Daga nan idan aka gangara yamma zuwa titunan Sofokleus da Menandru, za a shiga unguwar 'yan Pakistan da Bangladesh, inda mahauta da gidajen abinci ke rubuta halal a ƙofa. Titin Aharnon ma akwai na Larabawa da 'yan Afganistan. Shinkafa da kaza ko rago Yuro 6 zuwa 8 muka ci. Unguwa ce mai cunkoso, gara a je da rana, a kuma kula da aljihu. Mai neman garin rogo ko manja ya nufi Kifseli da kewayen dandalin Amerikis, inda 'yan Afirka, har da 'yan Najeriya, ke da shaguna. Ranar Juma'a mun yi salla a masallacin Botanikos, wanda gwamnati ta gina aka buɗe a Nuwamban 2020, kusa da tashar Eleyonas a layi na 3. Kewayensa masana'antu ne da rumbunan ajiya, don haka kada a sa ran cin abinci a wurin, a koma cikin gari. Batun naman rago ko saniya a gidajen abincin Girkawa kuwa, ba yankan Musulmi ba ne, kuma malamai sun yi saɓani kan yankan Ahlul Kitabi a irin wannan yanayi. Kowa ya tambayi malaminsa tun yana gida. Mu kifi da kayan lambu muka tsaya a kai a wajensu, nama kuma a unguwar da na ambata.

Taberna ita ce wurin cin abincin dare, kuma tana da nata tsarin. Karon farko ƙarfe 7 muka je muka tarar da kujeru wayam, har muka yi zaton wurin ba shi da kyau. Ashe mutanen gari sai 9 zuwa 10 suke fitowa. A Filaka, unguwar masu yawon buɗe ido, musamman kan titin Adriyanu, akwai masu tsayawa a ƙofa suna kiran masu wucewa, da manyan hotunan abinci a allo. Mun ci a irin wannan wuri sau ɗaya, abincin bai yi muni ba, amma mun biya kusan ninki ɗaya da rabi na abin da muka biya a unguwannin Fetralona da Kukaki, inda tafiyar ba ta wuce minti 20 a ƙafa ko tasha biyu a jirgi ba. Alamar wuri mai kyau ita ce gajeriyar takardar abinci da kuma jin harshen Girkanci a teburan kusa. Da zarar an zauna, ma'aikaci zai shimfiɗa farar takarda a kan teburin ya maƙale ta, ya kawo kwandon burodi da cokula a ciki, da babbar gorar ruwa. Dukansu biyun suna shiga lissafi, burodi kamar Yuro 1 kowane mutum, ruwa 1.50 zuwa 2.50. Wanda ba ya so ya faɗa kafin a buɗe gorar. Ruwan famfon Atina mai kyau ne, ana iya cewa a kawo shi a tulu, kyauta ne. A tsibirai kuma a tambaya tukuna, da yawansu ruwan gora suke sha.

Ba kowa da farantinsa ake yi ba, tsakiyar tebur ake ajiye kome a ci tare, kuma duk abin da ya nuna shi ake fara kawowa, ba a bin wani jeri. Farantansu manya ne. Ga mutum biyu, salak ɗaya da ƙananan farantai biyu ko uku da babban abu ɗaya sun isa har a rage. Salak ɗin da suke kira horiyatiki tumatir ne da kokwamba da albasa da koren tattasai da 'ya'yan zaitun, da guntun cukun feta a sama, babu latas. Feta da nonon tumaki ake yin sa, ana iya haɗawa da na awaki har kashi 30 cikin 100, yana da gishiri sosai, don haka a ɗanɗana kafin a ƙara gishiri. Tsatsiki yogot ne mai kauri da kokwamba da tafarnuwa. Faba markaɗaɗɗen rawayan wake ne da ɗanyar albasa da mai. A nan ne batun giya ke shigowa. Stifado, wato nama da ƙananan albasa, da kokinisto, naman jar miya, galibi da giyar inabi ake dafa su. Duk abin da aka rubuta krasato a gabansa an dafa shi da ita. Jatan lande da ake yi da tumatir da cuku, saganaki, sau da yawa ana zuba masa wata barasa mai suna uzo, kuma kwaɓin fulawar da ake soya kifin bakaliyaros da shi wasu da giya suke dama shi. Tambayar gajeriya ce: ehi krasi, wato akwai giyar inabi? Ban ga wanda ya ɓata rai da ita ba, wani ma sai ya koma kicin ya tabbatar. Idan aka ga ɗan tauraro a gefen sunan abinci, ma'anarsa daga firiza aka ciro shi, doka ce ta tilasta musu nunawa. Haka tun 2018 doka ta ce man zaitun da ake ajiyewa a tebur ya zama a rufaffiyar kwalbar da ba a sake cikawa, kodayake ba ko'ina na ga ana bi ba.

Ba za a kawo maka lissafi ba sai ka nema, ko da ka yi sa'a biyu da gamawa, domin a wajensu kawo shi ba a tambaya ba kamar kora ce. Mun zauna fiye da rabin sa'a muna jira a karon farko kafin muka gane. Ana ɗaga hannu a ce to logariyasmo, farakalo. Kafin lissafin ko tare da shi ake kawo kerasma, kyautar gida, kankana ko halwar tsakin alkama ko yogot da zuma. Wani lokaci da ɗan ƙaramin kofin gilashi mai abu fari tas kamar ruwa. Ba ruwa ba ne, raki ne ko tsifuro ko mastiha, duk barasa ce mai ƙarfi. A ce efharisto, wato na gode, a bar shi a wurin, ba wanda zai ji haushi. Ga lissafinmu na wani dare, mu biyu: burodi 2, ruwa 2, horiyatiki 9, faba 6, horta 5, soyayyun ƙananan kifi 9, soyayyen dankali 4.50, jimla Yuro 37.50. Muka ba da 40. Tukuici ba dole ba ne, ana cike kuɗin ne ko a bar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a kan tebur. A ƙasan kowace takardar abinci akwai sanarwar cewa mai saye ba dole ne ya biya ba idan ba a ba shi rasit ba. A wasu wuraren kowane oda da ɗan rasit ɗinsa, ana tara su a ƙarƙashin kofi a teburin, kada a zubar, da su za a haɗa jimla.

Kifi shi ne matakin da ya fi cin kuɗi idan ba a san kansa ba. Daga tashar ruwa ta Fireyas muka hau babban jirgi zuwa Egina, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci, kusan Yuro 12 kowa. Akwai mai gudu da ke yin minti 40, ya fi tsada. A daren farko, a wani gidan kifi na bakin ruwa, an rubuta 65 a gaban sunan kifin, da 'yan ƙananan haruffa a gefe da ke nufin kilo. Muka ce a kawo ɗaya ba mu tambayi nauyi ba. Kifin ya zo giram 900, kuɗinsa kaɗai Yuro 58.50. Ba a cuce mu ba, a rubuce yake, amma raina ya sosu, don da an yi mana bayani da ƙarami muka zaɓa. Washegari muka bi hanyar da ta dace, a wata taberna ta bayan kasuwar kifi ta garin. Ana tashi a bi ma'aikaci zuwa firij. A duba kifin, ido garau, ƙarƙashin kunne ja, jiki da tauri idan an danna. A zaɓa, a ɗora a sikeli a gabanka, a faɗi kuɗin kafin a kai wuta. Ana aunawa ne kafin a fede, saboda haka giram 350 zuwa 400 ake lissafa wa mutum ɗaya. A tambaya ko na teku ne ko na kiwo, domin tsifura da labraki na kiwo da faranti ake sayar da su, Yuro 13 zuwa 18, kuma suna da daɗi. Barbuni da fagri su ne masu tsada. Ƙanana irin su gabros da sardela da marida Yuro 8 zuwa 11 ne faranti, kuma su mutanen gari suka fi ci. Gashin babban kifi a kan gawayi yana ɗaukar minti 30 zuwa 40, sai a fara da salak. Yana zuwa da ladolemono, man zaitun da aka kaɗa da ruwan lemon tsami, ba wata miya bayan wannan. A nan yajin da na taho da shi ya fi yin rana.

Akwai 'yan abubuwan da da na san su tun farko da sun rage mini wahala. Kalmar alade ita ce hirino, kuma ya kamata mutum ya san ta a rubuce, χοιρινό, ya ajiye hotonta a waya. Horis na nufin ban da, don haka horis hirino ya wadatar. Kaza kotofulo ce, rago arni, saniya moshari, akuya katsiki, kifi fsari. Ne a harshensu na nufin e, ohi kuma a'a, kuma idan mutum ya ɗaga haɓa sama ya yi ɗan tsaki, a'a yake nufi, ba raini ba ne. Buɗe tafin hannu a ware yatsu biyar a fuskar mutum zagi ne a wajensu kamar yadda daƙuwa take a wajenmu, suna kiransa muja, don haka wajen nuna biyar ko cewa ya isa, a juyo tafin hannun wajen kai. Kusan ko'ina ana karɓar kati, amma idan na'urar ta tambayi da wane kuɗi za a cire, a zaɓi Yuro, canjin da take bayarwa ya fi tsada. A riƙe 'yan tsabar kuɗi don gidan burodi da tukuici. An hana shan taba a cikin ɗaki, a teburan waje kuwa ana sha sosai, mai gudun hayaƙi ya zauna ciki. Banɗakunansu babu buta, a tafi da ƙaramar gora, takarda kuma a kwandon gefe ake jefa ta saboda bututunsu sirara ne. Wanda zai je tsakiyar Agusta ya sani cewa kewayen ranar 15 ga wata magirio da yawa a Atina suna rufewa, masu su sun tafi hutu ƙauyukansu.

Da muka daidaita, abin da muke kashewa a rana kowane mutum bai wuce Yuro 35 ba: 5 da safe a furnos, 10 da rana a magirio, 18 zuwa 20 da dare. Tsarabar da muka ɗauko ita ce fistikin Egina, wata irin gyaɗar bishiya da tsibirin ya yi suna da ita, da zuma, da man zaitun. Man a saye shi a gwangwani, ba a kwalba ba, a naɗe shi da leda biyu a sa a babbar jakar da za a auna. Idan aka bar shi a jakar hannu za a karɓe a wurin bincike, haka ma zumar, tunda duk abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 ba ya wucewa.